Daga gona zuwa rijiya: nazarin matsalar ruwa a wani ƙauyen Mayo-Luti

Wurin da yanayin ƙasarsa

Ƙauyen yana yankin Mayo-Luti a Jihar Arewa ta Kamaru, tsakanin Gidar da gindin duwatsun Mandara. Gidajensa sun kai ɗari biyu: manoma 'yan asalin wurin, Fulani masu shanu, da unguwar Hausawa masu awo, fawa da lambu. Auduga ce amfanin kuɗi. Kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, shi ke ba da iri da taki da magani bashi ta hannun ƙungiyar manoma, a cire a kuɗin auduga. Ana juya ta da masara, dawa da gyaɗa. Awon gona a nan da kar ake yi, wato mita 50 tsawo da mita 50 faɗi, kar huɗu ya ba da hekta guda.

Ruwan sama yana sauka daga Mayu zuwa Oktoba, tsakanin milimita 800 da 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Gonakin tudu jigawa ce marar kauri. A ƙarƙashinta akwai ruɓaɓɓen dutse na 'yan mitoci, daga nan sai dutse mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi sai ta tsaga. Saboda haka ma'ajin ruwan ƙauyen biyu ne kawai: wannan ruɓaɓɓen dutse, da yashin mayo, wato rafin da ya ratsa ta gabashin gari. Abin da ya nutse da damina shi za a sha da rani.

Rijiyoyin jama'a uku ne, dukansu haƙar hannu, zurfinsu tsakanin mita 9 da 12. Ɗaya tana cikin gonaki a saman gari, ita za a kira rijiyar gona. Ta biyu tana tsakiyar gidaje kusa da makwancin shanu, ita ce rijiyar unguwa. Ta uku tana bakin mayo.

Akwai lissafi guda da duk aikin ya rataya a kansa. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ruwan dare guda mai milimita 50 ya zuba wa hekta lita 500,000 ke nan. In kashi ɗaya cikin uku ya kwaranye, an yi asarar sama da lita 160,000 a hekta guda cikin 'yan awoyi, kuma ba ya tafiya hannu rabbana, da laka da taki yake wucewa.

Yadda matsalar ta faro

Abin ya daɗe yana taruwa kafin a farga. Mutane sun ƙaru, aka daina barin gona ta huta. Aka sassare itatuwan cikin gona don garmar shanu ta samu hanya. Yawancin manoma suna yin huɗa daga tudu zuwa gangare, domin auduga ba ta son ruwa ya kwanta mata, sai kowane kwarin kunya ya zama ƙaramar magudana. Bayan girbi a kwashe kara a yi danga da makamashi, shanu su cinye saura, wuta ta lashe abin da ya rage. Ruwan farko na Mayu yakan tarar da ƙasa tsirara, ya daddake samanta ya yi ɓawo, na biyu ya zo ya zame a kai. A saman kwarin wasu gonaki sun riga sun zama faƙo.

Daminar 2012, shekarar da ambaliya ta auka wa Arewa da Arewa Mai Nisa har aka buɗe madatsar Lagdo, ita ta fito da abin fili. Burtalin da shanu ke bi zuwa mayo ya tsage ya zama kwazazzabo, zurfinsa ya fi tsayin mutum a wasu wurare. Mayon kansa ya kwashe yashinsa ya ƙara zurfi. Wannan ya fi asarar gona illa, ko da yake ba a gane ba a lokacin: duk inda gindin rafi ya sauka ƙasa da matakin ruwan da ke cikin ƙasa, ruwan gefe yakan tsiyaye zuwa cikinsa ya tafi. Kwazazzabon ya zama lambatu mai zuƙe ma'ajin ƙauyen.

A ranin da ya biyo baya, rijiyar gona ta ƙafe a Fabrairu. Ta unguwa ta koma sai an yi sammako a kwashi abin da ya taru da dare. Da damina kuwa ruwan duka ukun ja ne, in an zuba a farar tasa ba a ganin gindinta sai an saka alif.

Shekara ta farko: yasa da burtsatse

Abin da kowa ya fara tunani shi aka yi. Aka yashe rijiyoyin, aka ƙara wa ta gona zurfi. Ba a kai mita biyu ba masu haƙa suka ci karo da dutse. Ƙarin da aka samu bai wuce na makonni ba, tun da ramin aka ƙara, ruwan da ke shiga ƙasa yana nan yadda yake.

Sai aka nemi rijiyar burtsatse. Haƙar farko ta tashi a tutar babu, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar dutse, inda sai an dace da tsaga. Ta biyu ta ba da ruwa, aka ɗora famfon hannu. Irin wannan famfo ba ya wuce lita dubu a awa, kuma ana lissafa shi ne ga mutum 250 zuwa 300. Ƙauyen ya ninka haka sau da yawa, ga shanu. Layi ya yi tsawo, mata da yawa suka koma rijiyoyinsu.

Masu haƙar sun gwada ruwan burtsatsen don wani sinadari mai suna fuloraid, domin a maƙwabtan yankin, cikin kwarin Mayo Tsanaga, an san ruwan ƙasa mai yawan fuloraid da ke ɓata haƙoran yara. Wannan ya fito ƙasa da miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa. Suka kuma tsoma takardar gwajin naitiret, sinadarin da ke fitowa daga taki da bayan gida, a tsofaffin rijiyoyin. Takardar tana nuna matakai ne ta launi: 0, 10, 25, 50, 100 zuwa sama, a miligiram cikin lita. Rijiyar gona ta nuna 10, ta bakin mayo 10, ta unguwa kusan 50. Aka rubuta aka ajiye, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci.

Shekara ta biyu: kunyar ƙasa da katanga guda

A nan aka fara taɓa gonaki. Da rani aka yi gayya aka tayar da manyan kunyoyin ƙasa a gicciye, da ido aka auna su. A ƙarshen kwazazzabon kuma, daf da inda yake shiga mayo, aka gina katanga guda ta dutse da siminti mai tsayi kusan mita biyu.

Duka biyun ba su ga ƙarshen Agusta ba. Kunyar da aka auna da ido ba ta taɓa zama daidai, dole wani wuri ya fi kwari. Ruwa ya taru can, ya haura, ya fasa, ya zubo wa ta ƙasa da ƙarfin da ya fi na da, ita ma ta fashe. Gonakin da ba su da kwazazzabo suka samu nasu. Katangar kuwa ba ta karye ba, ruwa ne ya kewaye ta. Ba a shigar da gefenta cikin gaɓa ba, ba a bar masa mafita a tsakiya ba, sai ya ci ƙasar gefe ya wuce. Wanda ya haura ta sama ya faɗo ya haƙe gindinta.

Akwai kuma dalilin da ba na gini ba. Gonakin saman kwari, inda ruwan ke fara gudu, yawancinsu haya ce ta shekara guda. Mai hayar shekara ba zai yi dakon dutse ya gyara gonar da za a iya karɓewa baɗi a ƙara mata kuɗi ba. Aikin ya tsaya a gonakin ƙasa, ruwan sama yana isowa da ƙarfinsa.

Shekara ta uku da ta huɗu: daga sama zuwa ƙasa

Kafin a ɗaga dutse ko ɗaya, aka zauna gaban jauro, wato mai gari, maganar ta kai ga lawan, shugaban da ke samansa. Aka tsayar cewa duk wanda ya jera dutse a gonar haya, ba za a karɓe ta ko a ƙara masa kuɗi ba har damina uku. Dabarun da aka ɗauko ba sababbi ba ne a yankin. 'Yan ƙabilar Mafa sun daɗe suna noma a kan matakalar dutse a Mandara, kuma shirye-shiryen raya noma biyu, DPGT na shekarun 1990 da ESA da ya biyo bayansa, sun yaɗa jerin duwatsu, layin ciyawa, ƙananan shingayen rafi da renon gawo a ƙasar auduga. Malamin gona ya koya wa samari shida awo, su suka bi gona gona.

Kayan awon tiyo ne garai-garai mai tsayin mita 10 zuwa 15, an ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu alama iri ɗaya. A cika shi da ruwa, a fitar da kumfar iska tas, don kumfa guda tana karkatar da awo. Mutum ɗaya ya tsaya, ɗayan ya yi ta matsar da sandarsa sama ko ƙasa har ruwan ya tsaya a alama ɗaya a sandunan biyu, a kafa turke, a ci gaba. Layin da turakun suka bayar a karkace yake fitowa, manoma sukan so su miƙe shi don sauƙin garma. Irin wannan rashin bin awo ne ya kashe aikin bara, saboda haka ba a yarda ba sai ɗan gyaran da bai wuce taku ɗaya ba.

A kan layin ake haƙa rami mai zurfin santimita 10 da faɗin 35 zuwa 40. Manyan duwatsu a ƙasa da ɓangaren gangare, ƙanana da tsakuwa a cusa ta ɓangaren tudu, tsayin duka ya kai santimita 25. Inda gangaren ya yi sauƙi, mita 30 tsakanin jeri da jeri, inda ya yi tsanani a rage zuwa 15 ko 20. Ƙarshen kowane jeri a lanƙwasa shi ya kalli tudu, kada ruwa ya zagaya. Bambancinsa da kunyar ƙasa shi ne dutse ba ya tare ruwa gaba ɗaya: yana rage masa gudu, ya sauke lakarsa, wani ya nutse, saura ya tsiyaye a hankali. Aikin yana da nauyi. Hekta guda mai jeri kowane mita 25 tana cin layi mai tsawon mita 400, dutsen da zai cika amalanken shanu sau sittin ko fiye. Shi ya sa aka raba shi rani biyu, aka fara da gonakin can sama.

A watan Yuli aka dasa gamba a jikin kowane jeri ta ɓangaren tudu, faɗin mita ɗaya. Gamba ta karɓu da sauri, don ana yin zana da ita ana kuma ba dabbobi. Aka juya huɗa ta bi layin duwatsu. Wasu suka ƙara da ɗaure kwarin kunya kowane taku uku don ruwa ya tsaya. A tudu dabarar ta yi kyau, a gonakin ƙasa kuwa auduga ta yi rawaya a Agusta saboda kwanciyar ruwa, dole aka buɗe ɗaurin.

Kwazazzabon sai a shekara ta huɗu aka koma masa, bayan ruwan da ke shigarsa ya ragu. Maimakon katanga guda, aka yi ƙananan shingayen dutse a jere tun daga kansa, babu wanda ya kai mita ɗaya. Kowanne an shigar da gefensa aƙalla rabin mita cikin gaɓa, tsakiyarsa ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta nan, a gabansa an shimfiɗa manyan duwatsu inda ruwan zai faɗo. Tazarar kuwa, kan shingen ƙasa ya yi daidai da gindin na samansa. Biyu da ke cikin mayo an ɗaure su da ragar waya. Aka karkatar da burtali ya bi ta kan dutse.

An sa wani dattijo auna rijiyoyin ranar farko ta kowane wata, da asuba kafin a fara ja, da igiya mai ƙulli kowane rabin mita da gwangwani a bakinta, wanda ke ba da sauti in ya taɓa ruwa. A ƙarshen damina ta huɗu yashi ya cika bayan shingayen. Yashi mai gwari yana riƙe ruwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na girmansa, kuma rana ba ta cika cin abin da ya yi zurfi a cikin yashin ba. Rijiyar gona ta kai Afrilu da ruwa. Ta unguwa, wadda a da ruwanta ke tsayawa mita 7 daga baki a Satumba, ta hau zuwa mita 4. Jan ruwan ya ragu ƙwarai.

Shekara ta biyar: abin da gwaji ya nuna

Ruwa ya yi yawa ya kuma yi haske, amma gudawar yara a Agusta da Satumba ba ta ragu ba, a unguwar tsakiya ma ƙaruwa ta yi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a yankin da kwalarar 2010 ba ta bar zukata ba, ba a wasa da irin wannan. Ma'aikacin asibiti ya zo da gwaji iri biyu. Na farko takardar naitiret: a tsoma daƙiƙa ɗaya, a jira minti guda, a gwada launi da jadawalin jikin gwangwani. Takardar tana lalacewa da zafi, sai a duba ranar ƙarewarta. Na biyu ƙaramar kwalba mai magani: a cika da ruwan rijiya a rufe, in ta yi baƙi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, akwai alamar ƙwayoyin cuta na bayan gida. Aka maimaita a Yuni, Satumba da Janairu.

Rijiyar bakin mayo ta tsaya a 10, kwalbarta tana baƙi da damina kawai. Rijiyar gona ta nuna 10 a Yuni, ta hau tsakanin 25 da 50 a Satumba, ta sauko 25 a Janairu. Rijiyar unguwa ta nuna 100 duk sau ukun, kwalbarta kuma baƙi ƙirin kafin kwana ya zagayo. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 50 ce a lita.

Haɗarin naitiret ya fi kan jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara ko koko da ruwan. Yana hana jini ɗaukar iska, leɓe da farce su yi duhu. Tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa kauri take yi don ruwa ne ke tashi ya bar shi. Alif ba ya kama shi, ruwan jabel, wato bilic, ba ya kashe shi. Ba shi da launi ko ɗanɗano, shi ya sa ba a gane ba, ga shi ruwan unguwa ya fi kowanne kyan gani a tasa.

Kowa ya ɗora laifin a kan takin zamani. Amma rijiyar da ke tsakiyar gonaki ba ita ce mafi muni ba, sai aka bi kowace da nata dalili.

A rijiyar unguwa aka auna tazara. Masai huɗu suna cikin mita 20 daga gare ta, biyu ma ta ɓangaren tudu, zurfinsu mita 3 zuwa 4. Ƙa'ida ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya, da aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin gindin ramin da ruwan ƙasa. Lokacin da ruwa ke mita 7 akwai wannan tazara, ƙasa tana tacewa. Da ya hau mita 4 sai ya taɓa gindin ramukan. Makwancin shanu kuma, mai tarin kashi da fitsari na shekaru, yana mita 15 ne kawai. Zoben simintin rijiyar ba a liƙe mahaɗarsu ba, ga taɓo a bakinta, kowace mace da gugarta da take ajiyewa a ƙasa.

A rijiyar gona kuwa takin ne. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce, buhu mai kilo 50 yana da kilo 23. A ƙasa mai ɗumi da danshi takan koma naitiret cikin 'yan makonni, kilo ɗaya na naitirojin ya ba da kusan kilo huɗu da rabi. Fosfat, wani sinadarin takin, yana manne wa ƙasa, da laka yake tafiya, jerin duwatsu kuwa sun tare laka. Naitiret ba ya mannewa, duk inda ruwa ya bi nan yake bi. In milimita 100 ta wuce saiwa ta nutse a hekta guda, lita miliyan ɗaya ke nan, kuma rabin buhun yuriya da shuka ba ta ci ba ya isa ya kai wannan ruwa miligiram 50 a lita. A da kwaranya ce ke kai shi mayo, yanzu ƙasa yake shiga.

Shekara ta shida: bakin rijiya, taki da feshi

An fara da abin gaggawa: ruwan jarirai da na sha daga burtsatse ko rijiyar gona, na unguwa a bar shi ga wanki da gini. Aka rufe masai huɗun da toka da ƙasa, aka haƙa sababbi gajeru masu ɗagaggen baki ta ɓangaren gangare. Aka mayar da makwancin shanu ƙasan gari, fiye da mita 50 daga kowace rijiya, aka kwashe tsohon kashin zuwa gonakin faƙo. Wannan ya fi komai cin lokaci a zaure, don kusancin shanu da gida maganar tsaro ce, sai da aka yi musu shinge mai ƙarfi.

Rijiyoyin ukun aka yi musu gyara iri ɗaya. Aka liƙe mahaɗar zobe na mita ukun sama da siminti, aka daddaɓe yumɓu a bayansu. Katangar baki santimita 80, daɓen siminti mita biyu kewaye mai ɗan gangare zuwa waje, magudana mai mita 10 zuwa komin dabbobi, murfi, da guga ɗaya rataye a ƙugiya. Sannan aka zuba ruwan jabel, aka bar shi ya kwana, aka kwashe har warin ya tafi. An sare darbejiyar da saiwarta ta kutsa cikin rijiyar unguwa.

A gona ba a rage taki ba, lokaci da hanyar sa shi aka sauya. Al'adar watsa yuriya a sama in an ga hadari ta tsaya, domin in ruwan ya yi yawa ya wanke ta, in bai zo ba rana ta ci wani kaso. Aka koma sa ta a gefen shuka a rufe nan take da huɗa, lokacin da auduga ta yi ƙarfin ci. Masu masara suka raba tasu kashi biyu. Mita 30 kewaye da rijiyar gona aka bar wa gamba da 'ya'yan gawo, ba taki ba feshi. A gaɓar mayo an nemi mita 10, masu lambu suka ƙi, aka daidaita a 5 aka dasa jema.

Maganin ciyawa takardar gwaji ba ta nuna shi, sai ɗakin bincike, don haka aka bi shi da ƙa'ida. Gilaifoset yana manne wa ƙasa. Atarazin na masara kuwa yana bin ruwa yana kuma daɗewa, dalilin da Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004 ke nan. Aka hana haɗa magani ko wanke famfon feshi a bakin rijiya ko mayo. Galan a ɗauraye shi sau uku a zuba a cikin famfon, a huda shi kada a mayar da shi na ruwa ko na mai.

An kuma gwada barin kara a gona a shuka ba tare da huɗa ba. Inda aka yi shinge, ƙasa ta riƙe danshi kuma ɓawo bai fito ba. Inda babu shinge, shanu da wuta da gara sun gama da karan kafin Maris, manomi ya shuka a ƙasa tsirara ya kuma ƙara feshi. Gonaki kaɗan ne suka ci gaba da shi.

Shekara ta bakwai da ta takwas: albasa

Kwalaben gwaji sun daina baƙi a rijiyar gona da ta mayo tun daminar farko bayan gyara, ta unguwa tana yi jefi-jefi a Agusta. Naitiret ɗin rijiyar gona bai ƙara wuce 25 ba. Na unguwa ya sauko tsakanin 50 da 100 ya tsaya nan.

Ganin ruwa a yashi, masu lambu suka ƙaru, injinan ban ruwa suka shigo. Injin mai bakin inci biyu yana iya zuƙar lita dubu ashirin ko fiye a awa. Albasa tana shan abin da ya kai milimita 500 daga dashe zuwa cira, wato lita miliyan ɗaya da dubu 250 a kar guda. A lissafin lita 20 ga mutum a rana, wannan ruwan mutum 500 ne na wata huɗu. A rani na bakwai rijiyar bakin mayo ta koma ƙafewa a Maris. Jauro ya hana kafa injin cikin mita 100 daga rijiyoyin sha, aka kuma tsayar cewa in igiyar awo ta nuna ƙasa da mita ɗaya na ruwa a rijiyar mayo, ban ruwa ya koma kwana ɗaya bayan ɗaya. A rani na takwas ta kai ƙarshen Afrilu.

Hukunci

Yasa da katanga guda sun faɗi ne don sun kama matsalar a ƙarshenta. Kunyar ƙasa ta faɗi saboda rashin awo da rashin mafitar ruwa. Abin da ya dawo da ruwa shi ne farawa daga gonakin sama, kuma yarjejeniyar haya ta damina uku tana da rabo a nasarar daidai da tiyon awo.

Jerin duwatsu, gamba da shingaye sun magance laka da abin da ke manne da ita. Ba su magance naitiret ko ƙwayoyin cuta ba, hasali ma hauhawar ruwan ce ta haɗa rijiyar unguwa da masai. Kuskuren tsari mafi girma shi ne barin gyaran bakin rijiya da ɗage masai har shekara ta shida, alhali gwajin shekarar farko ya riga ya nuna kusan 50 a wurin. Wannan aiki ya fi dakon dutse arha nesa ba kusa ba, kuma shi ya kamata ya zo kafin ruwa ya hau. Takin zamani yana da laifi, amma nasa ƙarami ne in an gwada da na makwancin shanu da masai, kuma sauya lokacin sa shi ya isa.

Ƙwayoyin cuta sun amsa gyara cikin damina guda. Naitiret da ya taru shekaru a ƙarƙashin unguwa sai ruwan damina da yawa ya bi ta kansa, don haka rijiyar tana nan a matsayin ta wanki har gwaji uku a jere su nuna ƙasa da 50. Jerin duwatsun sama kuma laka ta binne rabin tsayinsu, ana bukatar ɗaga su a rani mai zuwa, ga shi wa'adin hayar gonakin ya ƙare ba a sabunta shi ba.